Na'urar GPS ta Hannu: Abin da Mai Yawo a Kwalekwale Zai Duba

Wanda ke fita shan iska da kwalekwale, wayar salula ba ta isar sa: ruwa na lalata ta, hasken rana na dusashe fuskarta.

Fara da juriyar ruwa. Alamar IPX7 na nufin na'urar za ta jure nutsewa zurfin mita 1 har minti 30. Amma wadda ta nutse a tsakiyar tafki ta tafi ke nan. Shi ya sa na fi son irin Garmin GPSMAP 79, wadda ke tasowa saman ruwa in ta suɓuce.

Taswirar mota ba ta nuna zurfi ko duwatsun ƙarƙashin ruwa, don haka nemi taswirar ruwa. Ka kuma riƙe batir AA na ajiya cikin leda.