Ruwan Sama da Wasan Kurket Tsakanin Ƙasashe

A cikin wasannin da Ingilishi suka yaɗa a ƙasashen da suka mallaka, babu wanda ruwan sama ya ke yi wa katsalandan kamar kurket. 'Yan ƙwallon ƙafa su kan yi wasansu ana tsuga ruwa, amma alƙalan kurket da zarar yayyafi ya yi ƙarfi sai su sallami kowa. Dalili biyu ne. Na farko, mai jifa ba kai tsaye ya ke aika ƙwallo ga mai bugu ba. Sai ta daki ƙasa tukuna, a kan wani zirin fili mai tsawon yadi 22 da ke tsakiyar dandali. Halin da ƙasar wannan ziri ta ke ciki shi ne rabin wasan. Na biyu kuwa, lokaci. Babban wasa tsakanin ƙasashe, wanda a ke kira Tes, kwana biyar a ke ba shi, kowace ƙungiya ta yi zubi biyu na bugu. In kwanakin suka ƙare ba a gama ba, an tashi ba wanda ya ci. A lura, kalmar "canjaras" ba ta zauna sosai a nan ba, gama ba daidaituwar maki a ke nufi ba: ƙungiya tana iya kasancewa gaba da maki ɗari uku, ruwa ya cinye kwanan ƙarshe, ta tashi a tutar babu.

A zamanin da, in an fara wasa a kan bar ziri a buɗe, ruwa ya jiƙa shi yadda ya so. Jiƙewar ba ita ce masifar ba, sai bayanta. In rana ta fito ta busar da saman ƙasa, ƙarƙashi na da laushi, sai ziri ya yi danƙo. Ƙwallo ta kan kama ƙasa ta karkace, wata ta tashi har ƙirjin mutum, wata ta bi ƙasa-ƙasa, mai bugu bai san wadda zai tara ba. Abin da ya faru a Brisbane ta Ostareliya cikin Disamba 1950 ya isa misali. Ostareliya ta ci 228 a busasshiyar ƙasa, sa'an nan aka yi ruwa. Da aka komo, Ingila ta ga ziri ya lalace, sai ta ajiye bugu da gangan tana da 68 kawai, don abokan hamayya su ma su ɗanɗana. Ostareliya ta kai 32, an fitar mata da mutum bakwai, ita ma ta ajiye, ta mai da Ingila cikin wahalar kafin ƙasa ta bushe. A wannan yini ɗaya aka fitar da masu bugu 20 a kan maki 130. Ingila ta faɗi da ratar 70. Dabarar shugabannin ƙungiyoyin nan biyu ba ta wuce duban sama da taɓa ƙasa ba.

Zuwa farkon shekarun 1980 rufe ziri da tamfal ya zama ƙa'ida, irin wannan wasa ya ɓace. Akwai tsofaffin masana da ke ganin an yi hasarar wata fasaha ta bugu, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba. Amma ko da aka tsare ƙasa, ruwa bai daina cin lokaci ba.

An taɓa gwada kauce wa wannan ta hanyar yin wasa ba iyakar kwanaki. Na ƙarshen irinsa shi ne na Durban, tsakanin Afirka ta Kudu da Ingila, daga 3 zuwa 14 ga Maris 1939. Ingila na neman 696, ta kai 654, sai ruwa ya sauko, kuma dole 'yan wasanta su kama jirgin ƙasa su riski jirgin ruwan da zai mai da su gida. Aka watse ba wanda ya ci. Wasan yini ɗaya ma ruwa ne ya haife shi a tsakanin ƙasashe: da ya hana Tes ɗin Melbourne, sai aka shirya gajeren wasa ran 5 ga Janairu 1971 don a huce wa 'yan kallo, jama'a kuwa suka yi dafifi.

Wannan sabon wasa ya zo da tasa matsalar, domin shi lalle ne a sami wanda ya ci. Ana ƙidaya shi da oba, watau jifa shida a jere, yau kowace ƙungiya tana da oba 50. To, in ƙungiyar farko ta gama nata, ruwa ya rage wa ta biyu lokaci, maki nawa ya kamata a nema daga gare ta? Raba maki daidai da yawan oba ya fi sauƙi, sai dai akwai zalunci a ciki, gama wanda ya san tafiyarsa gajera ce zai iya sakin jiki ya yi ta bugu ba tsoron a fitar da shi. A Gasar Kofin Duniya ta 1992 an bi wata ƙa'ida dabam, wadda ta ke cire oba mafi ƙarancin maki daga zubin ƙungiyar farko. A wasan kusa da na ƙarshe a Sydney, Afirka ta Kudu na neman 22 daga jifa 13 a hannun Ingila, aka yi ruwa na 'yan mintoci. Da aka komo an zabge mata jifa 12, maki kuwa kusan ba a rage kome ba. Allon dandali ya nuna 22 daga jifa ɗaya.

Wasu masana lissafi biyu na Ingila, Frank Duckworth da Tony Lewis, su suka kawo gyara. Hujjarsu ita ce ƙungiya mai bugu jari biyu ta ke kashewa tare: oba da suka rage, da masu bugu da ba a fitar ba. Oba goma a hannun ƙungiya mai sauran mutum takwas sun fi oba goma a hannun mai sauran mutum biyu daraja, saboda haka ruwan da ya cinye su bai yi wa su biyun ɓarna ɗaya ba. Aka fara aiki da tsarinsu a wasan Zimbabuwe da Ingila ran 1 ga Janairu 1997, hukumar kurket ta duniya ta karɓe shi a 1999, a 2014 kuma aka ƙara sunan Steven Stern na Ostareliya, wanda ya gaji kula da shi. 'Yan kallo kaɗan ne su ke gane lissafin, amma ba a sake ganin irin abin kunyar Sydney ba.

Saura dabarar ware kwanan ko-ta-kwana, ita ma sai an san yadda a ke amfani da shi. A wasan ƙarshe na Kofin Zakaru a Colombo, cikin Satumba 2002, Siri Lanka ta gama oba 50, Indiya ta fara nata, ruwa ya sauko. Washegari, maimakon a ɗora daga inda aka tsaya, ƙa'ida ta ce a sake tun daga farko. Siri Lanka ta sake yin 50, ruwa ya sake sauka. An yi oba fiye da 110 cikin kwana biyu, aka raba kofi tsakaninsu. A Manchester kuwa, cikin Yuli 2019, da ruwa ya tsai da wasan Indiya da New Zealand, washegari daga jifar da aka tsaya aka ci gaba, New Zealand ta ci da ratar 18.