Tsare Katin Banki Daga Mazambata Wajen Sayayya ta Intanet

A da, sai ɓarawo ya haura katanga ko ya yanki aljihu a kasuwa kafin ya raba mutum da dukiyarsa. Yau kuwa yana iya zama a ɗakinsa, a wani gari mai nisa, ya kwashe abin da magidanci ya yi shekara yana tarawa. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya soma shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas cikin 2012, jama'a masu yawa suka koma ciniki da kati, kuma ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya ƙara yawansu. Saboda haka ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya san yadda zai kare kansa.

Abin da Ɓarawo Yake Nema

Kati iri biyu ne. Akwai wanda ke cirar kuɗi daga ajiyar mutum kai tsaye, shi ne aka fi amfani da shi a ƙasar nan. Akwai kuma katin bashi, wanda banki ke biya sannan mai katin ya biya banki daga baya. Ko wanne ne, Verve ko Mastercard ko Visa, ɓarawo ba ya bukatar riƙe shi a hannu. Abin da yake nema shi ne doguwar lambar katin, da watan da zai daina aiki, da lambobi 3 na bayansa. Idan ya haɗa da lambar sirri da kuma lambar tabbatarwa da banki ke aikowa ta waya a lokacin ciniki, to, ya sami mabuɗin rumbu.

Hanyoyin da Suke Bi

Wasu sukan buɗe shagon ƙarya a intanet, su sa hoton atamfa ko wayar hannu a kan rabin kuɗinta. Mai saye ya rubuta lambobinsa, kaya ba su zo ba, kuɗi kuma sun tafi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wasu kuma sukan bugo waya da murya mai daɗi, su ce daga banki suke, za a rufe ajiyar mutum yau idan bai faɗi lambar BVN ɗinsa mai lambobi 11 da lambar katinsa ba. Gaggawar nan ita ce tarkon, domin mai firgita ba ya tsayawa ya yi tunani. Akwai kuma masu satar waya don su mallaki layin da banki ke aiko saƙo a kansa.

Matakan Kariya

1. Kada mutum ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa ko lambar tabbatarwa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar su.

2. Kada a danna adireshin da ya zo cikin saƙo. Mai saye ya rubuta adireshin shagon da hannunsa, ya duba harufansa ɗaya bayan ɗaya. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi tana nuna an ɓoye saƙo a hanya ne, ba ta shaidar amanar mai shago.

3. A ware ajiya dabam ta sayayya, a riƙa zuba mata daidai kuɗin abin da za a saya. Ko an yi ɓarna, ba za ta kai ga jari ba.

4. Kada a rubuta lambar kati a kwamfutar haya ko wayar aro, kada kuma a ɗauki hoton kati a aika wa wani.

5. A sa wa layin waya lambar kulle, a kuma karanta kowane saƙon cirar kuɗi da zarar ya shigo.

Idan Abin Ya Riga Ya Faru

Jin kunya ba ya dawo da dukiya, jinkiri kuwa ɓarawo yake taimako. Nan take mai kati ya nemi bankinsa a toshe katin, ya rubuta ƙara, ya karɓi lambar shaidar ƙarar. Idan banki bai warware matsalar cikin wa'adin da aka ƙayyade ba, sai ya kai kuka ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Ya kuma sanar da 'yan sanda ko Hukumar EFCC. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kan irin wannan zamba.

Ana roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana ta ga iyayensa da maƙwabtansa da ba su iya karatu ba. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.