Yadda Muke Haɗa Maganaɗisun Ado a Gida

'Yan'uwa ɗalibai, sau nawa takardar jadawalin jarrabawa ta ɓace mana a gida, sai ranar ta zo mu yi ta nema? Maganin wannan shi ne ɗan maganaɗisu mai ado da zai riƙe takardar a jikin firji. Idan babu firji, ƙofar ƙarfe ko akwatin ƙarfe ma sun isa.

Kayan aikin su ne: dutsen gilashi na ado mai tudu a sama, shafaffe a ƙasa, farin gam, gam mai ƙarfi, almakashi, takarda, da ƙaramin maganaɗisu, kamar na matacciyar lasifikar rediyo.

Da farko mukan ɗora gilashin a kan takarda mu zagaye shi da fensir. A cikin da'irar sai mu yi zane, misali kwalekwale a Dam ɗin Tiga ko bishiyar Dajin Falgore. Mu yanke, mu ɗiga farin gam a shafaffen gefen, mu manna zanen yana kallon gilashin. Idan ya bushe, gam ɗin zai yi garau. Sannan mu liƙa maganaɗisun a baya da gam mai ƙarfi, mu bar shi ya kwana.

Za mu ga zanen ya ƙara girma, domin tudun gilashin yana lanƙwasa haske kamar tabarau. Maganaɗisu yana kama ƙarfe, amma ba ya kama alminiyam ko katako.

Hattara! Mu manna shi can sama, inda hannun ƙannenmu ba zai kai ba. Yaron da ya haɗiye maganaɗisu, a kai shi asibiti nan take.