Husain Abdullah: Ɗan Wasan Da Ya Ajiye NFL Ya Tafi Aikin Hajji

Yau ƙwallon ƙafar Amurka za mu taɓa, wadda ake sa hular kwano ana karo da juna. Na san da yawanku za ku ce, "Malam, mu fa Firimiya muka sani." To ku ɗan saurara. Ni ma ban damu da wasan ba sai da na ga wani ɗan gajeren bidiyo: ɗan wasa ya ci maki, ya yi sujada a tsakiyar fili, alƙalin wasa kuma ya hukunta shi. Sunansa Husain Abdullah, kuma labarinsa ne zai nuna mana yadda rayuwar mai tsaron baya take, daga jami'a har ritaya.

Bari mu fara da aikin nasa. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu kai hari suna da mai jefa ƙwallo, wanda ake kira kwatabak, da masu gudu su cafe. Su kuma masu tsaron baya iri biyu ne. Akwai na gefe, masu bin mai cafewa ƙafa da ƙafa, akwai kuma waɗanda ake kira sefti, da ke tsayawa can baya. Sefti shi ne katanga ta ƙarshe. In aka wuce shi, shike nan, an ci maki 6. Aikinsa ya karanci idon mai jefawa, ya tare ƙwallo a sama, ko ya kayar da ƙaton da ya taho a guje. Husain sefti ne.

An haife shi a 1985, ya tashi a garin Pomona na jihar Kalifoniya, a gidan Musulmi mai 'ya'ya 12. A Amurka ba makarantun horarwa na ƙungiyoyi ke renon 'yan wannan wasa ba kamar yadda ake yi a Turai. Jami'a ce hanya. In ka yi fice a sakandare, jami'a ta ɗauke ka ta biya maka kuɗin karatu, kai kuma ka buga mata wasa. A zamanin Husain ko sisi ba a biyan ɗalibi albashi, duk da dubban mutanen da ke cika filin kallo. Shi ya tafi Jami'ar Jihar Washinton da ke garin Pullman, inda yayansa Hamza ma ya yi wasa, ya kammala kakarsa ta ƙarshe a 2007.

Daga nan sai babbar ƙofa, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da NFL ke yi kowace shekara. Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye 7, mutum 250 da 'yan kai kawai ake kira cikin dubban ɗalibai. Hamza an kira shi a zagaye na 7 a 2005. Husain kuwa, a 2008 aka gama zaɓe kaf ba a ambaci sunansa ba.

To me ya rage wa irinsu? Ƙungiya ta gayyace ka sansanin atisaye da ƙaramin kwantiragi mara tabbas, ka yi ta fafatawa har ranar da za a tace a bar mutum 53. Minnesota Vikings ce ta gayyace shi, kuma ya tsallake. Shekara biyu yana aikin da ba a cika yabawa ba, wato rukunin da ke rugawa bayan an buga ƙwallo da ƙafa, inda karo ya fi muni. Sai a 2010 ya zama ɗan wasan farko. A shekarar, azumi ya faɗo a watan Agusta, daidai lokacin atisaye mafi tsanani. Ga zafi, ga kayan kariya a jiki, amma bai ajiye azuminsa ba.

Yanzu ga wurin da nake so ku kula. Hajjin 2012 ya zo ne a ƙarshen Oktoba, ita kuma kakar NFL daga Satumba take farawa. Ba yadda za a haɗa biyun. Husain yana da shekara 27, ganiyar ƙarfinsa, Vikings na son ya dawo. Sai shi da Hamza, wanda ke Arizona Cardinals a lokacin, suka ajiye kakar gaba ɗaya, suka ɗauki iyayensu suka tafi Makka.

Wani zai ce ai shekara ɗaya ce kawai. A wannan wasa shekara ɗaya ba ƙarama ba ce. Yawancin 'yan wasa shekara uku zuwa huɗu suke yi a NFL, kuma kowane Afrilu ana kawo sababbin yara masu jini a jika da arha. Ba wanda ke ajiye maka kujera. Hujja kuwa tana cikin gidansu: Hamza bai sake buga wasa a NFL ba bayan dawowarsu. Husain ya samu, Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 2013, ya sake farawa daga ƙasa kamar sabon shiga.

Sai daren bidiyon nan, 29 ga Satumba 2014. Chiefs na karawa da New England Patriots. Tom Brady, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanayen masu jefawa, ya wurga ƙwallo, Husain ya tare ta, ya ruga yadi 39 har ƙarshen fili. Ya zame a kan gwiwoyinsa, ya sa goshi a ƙasa. Alƙali ya jefa tuta, aka ci tarar ƙungiyarsa yadi 15. Dokar lokacin ta hana murna a ƙasa, amma ta ware wanda ya durƙusa don ibada, kuma jama'a sun sha ganin Tim Tebow yana durƙusawa yana addu'a ba a ce masa komai ba. Shi Husain bai tayar da jijiyar wuya ba, ya ce yana jin zamewar ce ta jawo. Washegari NFL ta fito ta ce bai kamata a hukunta shi ba. Chiefs ta ci wasan 41 da 14.

A Maris 2016 ya sanar da ritaya yana ɗan shekara 30. Ba korarsa aka yi ba. Dalilinsa shi ne sau 5 yana samun buguwar ƙwaƙwalwa a kakar wasa 7, kuma yana son ya rayu da hankalinsa cikakke. Sefti yana tahowa daga nesa a guje ya haɗu da wani mai gudu, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, hular kwano ba ta hana wannan. Wani likita ɗan Najeriya, Dakta Bennet Omalu, shi ne ya gano cutar CTE a ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster, ya wallafa bincikensa a 2005. Cuta ce mai kawo mantuwa, da saurin fushi, da ciwon damuwa, shekaru bayan an daina wasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin nan ta ƙofar baya ya shiga NFL har sau biyu, kuma sau biyun da ƙafarsa ya fita: na farko don Hajji, na biyu don lafiyar kansa. Wanda ya sha wuya kafin ya samu wuri, sakin wurin ya fi masa wuya.

Ku faɗa mini a ƙasa, da kai ne a 2012, za ka tafi ko za ka jira sai ka yi ritaya? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.