Halal ce, Amma Tana Cutar da Shi: Rayuwar Mai Cutar Siliyak a Tsakaninmu

A duk lokacin da aka shimfiɗa ledar buɗa-baki a gidan mai rufin asiri, ko aka jera kuloli a wajen walima, da wuya wani daga cikinmu ya tsaya ƙirga nawa ne daga abin da ke gabansa ya fito daga alkama. Ga funkaso da alkubus, ga gurasa, ga fanke da cincin da dubulan, ga taliya, ga burodin da za a sha shayi da shi da sahur. Dukkansu halal ne, ni'ima ce daga Allah, kuma mafi yawanmu muna ci mu tashi lafiya lau. Sai dai akwai bayin Allah da wannan ƙirga ta zame musu aikin kullum har ƙarshen rayuwa, domin ɓarɓashin da zai maƙale a yatsa ya isa ya raunata musu hanji. Su ne masu cutar da likitoci ke kira siliyak.

Tushen lamarin wani sinadari ne mai suna gulutin, wanda ake samu a cikin alkama da sha'ir da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake ce wa rayi. Shi ne ke ba kwaɓin fulawa danƙo, ya sa burodi ya tashi, ya sa taliya ta miƙe ba ta tsinke ba. Idan ya shiga cikin mai wannan cuta, sai garkuwar jikinsa ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, ta far wa bangon ƙaramin hanji. Shi wannan bango a lulluɓe yake da wasu 'yan tsirrai ƙanana kamar gashin tawul, waɗanda ta cikinsu ne amfanin abinci ke ratsawa zuwa jini. Da sun lafe, sai mutum ya riƙa ci yana ƙoshi, jikinsa kuwa yana cikin yunwa. Bincike a sassan duniya ya nuna kusan mutum ɗaya cikin ɗari na ɗauke da ita, akasarinsu ba su sani ba.

An daɗe ana ganin cutar kafin a gano mai haddasa ta. Wani likitan Landan, Samuel Gee, ya siffanta ta dalla-dalla a 1888, ya kuma yi hasashen cewa maganinta na cikin abinci. Wanda ya kamo bakin zaren shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan, wanda ya jima yana zargin alkama. A lokacin yunwar da ta auka wa ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, burodi ya yi ɓatan dabo, sai ga yaran da ke fama da wannan ciwo suna farfaɗowa alhali jama'a na ramewa. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Ya rubuta sakamakon aikinsa a 1950, kuma har yau abin da ya gano shi ne kaɗai magani: a bar gulutin gaba ɗaya. Babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙo.

Saboda wannan tarihi, an daɗe ana ɗaukar siliyak ciwon Bature. Al'ummar da ta rushe wannan zato Musulmi ne 'yan Afirka. Sahrawawa, mutanen Yammacin Sahara, suna zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a ƙasar Aljeriya tun tsakiyar shekarun 1970. A 1999 wata tawagar likitoci ƙarƙashin Carlo Catassi na ƙasar Italiya ta wallafa sakamakon gwajin jinin yaransu kusan dubu, aka samu kashi 5.6 cikin ɗari suna da alamar cutar, adadin da ya ninka na Turai sau biyar. Mutane ne da kakanninsu suka rayu a kan nonon raƙumi da nama da ɗan hatsi, sai gudun hijira ya mayar da garin alkamar agaji babban abincinsu. Halittar da ke karɓar cutar tana jikinsu tuntuni, canjin cima ne ya fito da ita fili.

A nan ne ya kamata mu waiwayi kanmu. Kakanninmu sun san alkama, ana noma ta a fadamu da rani, amma abincin sarauta ce da biki: alkaki a garar amarya, funkaso ranar Sallah. Yau kuwa yaro kan karya da burodi, ya ci indomi da rana, a tuƙa masa semo da dare, kuma Nijeriya na shigo da miliyoyin tan na alkama kowace shekara don biyan wannan buƙata. Da yawa ba su ma san cewa fulawa da semo da makaroni da kuskus duk alkama ce aka sauya wa kama ba.

Alamomin cutar kuma irin waɗanda muka riga muka raɗa wa wasu sunaye ne. Yaro ya yi ta gudawa mai maiƙo da wari, cikinsa ya kumbura, ɗuwawunsa su motse, ya ƙi tsawo, sai a ce tsutsar ciki ce ko haƙori. Babba ya yi ta fama da kumburin ciki da kasala da ƙarancin jinin da ba ya jin magani, sai a ce olsa ce ko basir ko taifot. Wasu ƙuraje ne masu tsananin ƙaiƙayi ke feso musu a gwiwar hannu da ta ƙafa. Wasu matan ɓari ne ke maimaita kansa. Ba muna cewa duk mai waɗannan alamomi siliyak gare shi ba; cututtukan da ke kawo su suna da yawa. Hanyar sani ita ce gwajin jini, sannan likita ya zura na'ura ta baki ya ɗebo ɗan tsokar hanji a duba. Akwai kuskuren da ya kamata a guje wa: kada mutum ya daina cin alkama kafin gwaji, domin hanjin zai fara warkewa, sakamako ya fito babu komai alhali cutar tana nan. Idan kuma an tabbatar wa mutum ɗaya a gida, ya dace a gwada iyayensa da 'ya'yansa da 'yan uwansa na jini, tunda kusan ɗaya cikin goma daga cikinsu kan kasance da ita. Haka masu ciwon suga na ƙuruciya, waɗanda ke kan allurar insulin: cututtukan biyu kan haɗu a jiki ɗaya. Abin tausayi, su ne a gidajenmu aka fi ɗora wa tuwon alkama da sunan kiwon lafiya.

Wanda aka tabbatar masa da cutar a Turai yakan ji kamar an kwashe masa rabin kasuwa, har ta kai gwamnatin Italiya na ba irin waɗannan majinyata tallafin wata-wata don sayen abincinsu na musamman. Mu a nan Allah Ya yi mana sauƙi ta wannan fuska. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca babu gulutin a cikinsu. Haka wake, gyaɗa, rogo, doya da dankali. Ke nan tuwon dawa da miyar kuka, fura da nono, koko da ƙosai, alale, kunun tsamiya, faten acca, dambun shinkafa da zogale, duk nasa ne. Abincin da ake saya da tsada a kantunan Turai da tambari na musamman, shi ne abin da kakarmu ke girkawa a murhun duwatsu uku.

Wahalar tana wani wuri dabam, a hanyar da hatsi ke bi kafin ya iso akushi. A ɗauki injin niƙa na unguwa. Uwargida ta surfa dawarta, ta wanke, ta shanya, ta aika yarinya da ita. Wadda ke gabanta a layi kuwa alkama ta kawo. Mai inji bai yi laifin komai ba, haka ake yi tun fil azal, amma garin farko da zai zubo cikin kwanon dawa ragowar alkama ne. Dubarar da ta fi ita ce a je da sassafe a roƙi mai inji ya kwance ya share, ko a fara zuba wani mudu a ware shi ga sauran mutanen gida, ko da yake wannan rage haɗari ne kawai. Wanda Allah Ya hore wa, ƙaramin inji na gida ya fi kwanciyar hankali. Wanda bai samu ba, turmi da taɓarya na nan, muddin ba a daka alkama a ciki. Haka rariya: wadda aka tankaɗe fulawa da ita ba ta fita tas ko an wanke, gara a saya wa majinyaci tasa. Muciya da ludayin katako su ma suna riƙe saura a tsaguwarsu. Ranar da ake kwaɓin cincin a gida, ƙurar fulawa kan tashi ta sauka a kan duk abin da aka bari a buɗe.

Sai abincin waje. Ƙosai wake ne zalla, amma idan a man da aka soya fanke aka tsoma shi, zance ya canza. Ɗanwake da yawa yanzu da fulawa ake haɗa shi. Wasu masu waina da masu kunun gyaɗa kan barbaɗa fulawa don ya yi kauri, wasu masu suyar kifi kan bulbule shi da ita. Wasu nau'o'in dunƙulen miya da garin yaji na kanti na ɗauke da alkama, sai an karanta jikin takarda. Lemon kwalba na malt, wanda muke kai wa mara lafiya dubiya, daga sha'ir ake yin sa. Wani zai ce ai wannan tsanani ya yi yawa. Ma'aunin da hukumar tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta sa shi ne, ba a kiran abinci marar gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2007 kuma ya nuna miligiram 50 a kullum na tsawon wata uku ya isa ya taɓa hanji, wato abin da bai kai loma guda ta burodi ba. Kuma rashin jin ciwo bayan an ci ba ya nufin ba a yi ɓarna ba. Wasu sai bayan shekaru abin ke bayyana a raunin ƙashi.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada shi da kunya. Mu mutane ne da ƙin cin abincin mutum ke daidai da ƙin mutumin. Amarya ta je gaida surukai, aka ajiye mata alkubus, uwar miji ta ce, "Ci mana, 'yata, ai ɗan kaɗan ba ya kisa." Da wane baki za ta ce a'a? Sai ta ci, ta kwana uku tana murƙususu, gobe kuma a ce tana da tsirfa ko iyayi. A ganinmu nauyin gyara a nan yana kan mai masauki fiye da baƙo. Ya tabbata a ingantattun ruwayoyi cewa an gabatar wa Manzon Allah (SAW) naman damo a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa. Da aka tambaye shi ko haramun ne, ya bayyana cewa ba haramun ba ne, shi dai bai saba da shi ba, Khalid bin Walid kuwa ya ci a gabansa. Idan rashin sabo ya isa uzurin barin halal ba tare da an ɓata wa kowa ba, ina ga cutar da likita ya tabbatar? Amsa gayyata haƙƙi ne, ana kuma iya sauke shi da halarta da addu'a ko da ba a taɓa kwano ba.

Akwai wata gaɓa da ta fi wannan sarƙaƙiya, ita ce talbina, kunun sha'ir da ya zo a hadisin Nana A'isha (RA) cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya da mai baƙin ciki. Ana sayar da garinta a shagunan magungunan Musulunci, kuma mai rama da ciwon ciki shi ne farkon wanda za a ce ya sha. Ga mai siliyak, sha'ir da alkama duk ɗaya ne. Wannan ba ya rage wa talbina daraja, kamar yadda hana mai ciwon suga zuma bai rage wa zuma daraja ba. Shan talbina ba wajibi ba ne, kare jiki daga cutarwa kuwa ƙa'ida ce da malamai suka haɗu a kanta. Muna roƙon masu irin waɗannan shaguna su riƙa tambaya kafin su miƙa.

Haka batun ciyarwa. Wanda ya san maƙwabcinsa na da yaro mai wannan lalura, idan zai fitar da zakkar fidda-kai ko ya raba kayan azumi, buhun fulawa da katan ɗin taliya ba za su amfani yaron da komai ba. Gero da dawa da shinkafa kuwa duk suna cikin abin da Risala ta lissafa ana fitar da zakkar da su. Maniyyaci mai cutar shi ma yana buƙatar shiri tun daga gida, domin abincin Saudiyya burodi ne ke rakiyar kusan kowane faranti. Kamfanonin jiragen sama da yawa na tanadar abinci marar gulutin idan an nema kwana biyu ko fiye kafin tashi, kuma garin kunu da dakakkiyar fura busasshiya da ƙuli-ƙulin gida ba sa nauyi a jaka. Azumi kansa ba ya gagarar wanda ya kiyaye cimarsa jikinsa ya murmure. Wanda jininsa ya yi ƙasa ƙwarai shi ne zai nemi shawarar likita kafin watan ya kama.

Mafi rauni a cikin wannan duka shi ne yaro. Ba ya iya karanta jikin takarda, ba ya iya ƙin biskit ɗin da aka raba a Islamiyya ranar saukar wani, kuma yana ganin 'yan uwansa na cin abin da aka hana shi. Abin da ya fi taimaka masa shi ne gida duka ya koma tukunya ɗaya da dare, tuwon masara ko na shinkafa, a bar burodi ga manya a wani keɓaɓɓen wuri, a kuma sanar da malaminsa da kakarsa da mai shagon ƙofar gida. Da zarar an tsare masa ciki, sau da yawa cikin 'yan makonni gudawar kan tsaya, cin abinci ya dawo, a cikin watanni ya fara cike gurbin tsawon da ya rasa. Hanjin babba ya fi jinkiri, yakan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin ya koma daidai, don haka ake son ya riƙa komawa asibiti ana maimaita gwajin jini, ana duba ƙarfin jininsa da na ƙashinsa.