Cacar Wasan Ƙwallon Gora na Kan Ƙanƙara: Yadda Take da Hukuncinta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani dattijo daga cikin masu sauraronmu ya same ni bayan sallar asham, riƙe da ƴar takarda wadda ya tsinta a aljihun ɗansa. An jera sunayen garuruwa a jikinta, Toronto da Boston da Montreal, kowane suna da lamba a gabansa. Da ya tuhumi yaron, sai ya ce masa wannan ba caca ba ce, nazari ne, domin sai ya bincika ƙarfin ƙungiyoyi kafin ya zuba kuɗinsa. Dattijon ya ce mini: "Malam, mene ne wannan, kuma mene ne hukuncinsa?" Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. Saboda haka na zauna da samarin da suka san harkar, na tambaye su, muka yi lissafi tare. Ga bayanin.

Wasan da ake magana a kansa shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda Turawa ke kira hoki. Wasa ne na ƙasashen sanyi, irin su Kanada da Amurka da Rasha da Suwidin da Finlan. Ana yin sa a kan fili na daskararren ruwa. Ƴan wasa suna sanya takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi a kansu da gudu, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri zuwa raga. Kowane ɓangare mutum 6 ne har da mai tsaron gida. Wasan kashi 3 ne, kowane kashi minti 20. An yi wasan farko mai tsari a cikin rufaffen ɗaki a birnin Montreal na Kanada a shekarar 1875. Babbar gasarsu, wadda ake kira NHL, an kafa ta a 1917, kuma a yau tana da ƙungiyoyi 32, guda 7 a Kanada, 25 a Amurka. Suna farawa a watan Oktoba, su kai har Yuni.

To, me ya haɗa yaron Maraɗi ko Damagaram da wasan ƙanƙara, alhali bai taɓa taka ƙanƙara ba? Wayar salula ce ta haɗa su, da kuma bambancin lokaci. Wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a Toronto, a nan Nijar ƙarfe 12 ne ko ƙarfe 1 na dare. A wannan sa'a an gama ƙwallon ƙafa na Turai, sai hoki ya gaje wurinsa a cikin waya. Azumin shekarun nan kuwa yana faɗowa a tsakiyar lokacin gasar. Ke nan daren da aka ware domin tsayuwa da karatu, tsakanin asham da sahur, shi ne daren da ake buɗe wa ƴaƴanmu wannan kasuwa.

Hanyoyin zuba kuɗin suna da yawa, amma tushensu huɗu ne. Ta farko, mutum ya zaɓi ƙungiyar da za ta yi nasara. A nan akwai tarko, domin idan minti 60 suka cika ana kunnen doki, a gasar NHL ana ƙara minti 5, in ba a rabu ba a yi bugun ɗaya-ɗaya da mai tsaron gida. Wata takardar tana lissafa wannan ƙarin, wata kuwa a minti 60 take tsayawa. Sai ƙungiyar da mutum ya zaɓa ta ci wasa a ƙarin lokaci, shi kuma kuɗinsa sun riga sun tafi. Ta biyu, ya ce ƙungiya kaza za ta ci da ratar ƙwallo 2 ko fiye. Ta uku, ya yi hasashen jimillar ƙwallayen da za a zura, ko za su kai 6 ko ba za su kai ba. Waɗannan biyun sau da yawa a mintin ƙarshe suke juyewa, domin al'adar wasan ce ƙungiyar da ake ci ta fitar da mai tsaron gidanta ta ƙara ɗan wasa, ta bar raga wayam, sai a ƙara mata ƙwallo a banza. Ta huɗu, ya haɗa wasanni da yawa a takarda ɗaya, wadda suke kira kombine, da sharaɗin idan ɗaya ya kuskure duka sun zube.

Yanzu ku saurari lissafin, domin nan ne asirin yake. Lambar da ke gaban kowace ƙungiya ita ce ninkin da za a biya wanda ya ci, masu harkar suna ce mata kot. Mu ƙaddara ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya. Da adalci ake yi, wanda ya zuba jika guda, wato sefa 1000, zai karɓi 2000 in ya dace. Amma kamfani yakan rubuta kamar 1,90 a kowane ɓangare. Wane ya zuba 1000 a kan wannan, wane ya zuba 1000 a kan waccan. Kamfani ya tara 2000, ya biya wanda ya ci 1900, ya riƙe dala ashirin, wato sefa 100. Ko wace ƙungiya ta yi nasara, wannan ɗarin ta shiga aljihunsa tun ba a fara wasa ba. A kan wannan ninki, sai mutum ya dace sau 53 a cikin 100 kafin ya tsira da uwar kuɗinsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kombine kuwa ta fi muni. Wanda ya haɗa wasanni 10, kowanne rabi da rabi, damar ya dace da su duka ita ce 1 a cikin 1024. Da adalci ne, a ninka masa kuɗinsa sau 1024. Amma idan aka ninninka 1,90 sau 10, abin da ke fitowa kusan 613 ne. Ma'ana, rabon kamfani da ya fara daga kashi 5 cikin 100 ya haura zuwa kusan kashi 40. Abin da yaro ke gani shi ne dala ashirin za ta zama jikkuna 61. Abin da ba ya gani shi ne takardu dubu da ɗoriya da suka mutu kafin guda ta rayu.

Masu sayar da dabaru suna cewa: duba wane mai tsaron gida zai tsaya, duba ƙungiyar da ta yi wasa jiya ta gaji, duba wanda ya ji rauni. Duk wannan kamfani ya riga ka saninsa, yana da ma'aikata da na'urori da ba su da aiki sai wannan, kuma ya zuba shi cikin lambar da ya rubuta maka. Ku tambayi mai sayar da dabara: in dabararka tana ci, me ya sa kake neman kuɗina?

Sai hukunci. Larabawan jahiliyya suna da cacarsu da ake kira maisir. Sukan yanka raƙumi, su kawo kibau 10, guda 7 masu rabo, 3 babu komai, wanda ya ja marar rabo shi ke biyan kuɗin raƙumin. Har ma sukan raba naman ga matalauta suna alfahari, amma wannan bai hana a haramta ta ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, Allah Ya bayyana cewa zunubin giya da caca ya rinjayi amfaninsu. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya yi umurni da a nisance su, Ya kuma faɗi illarsu: jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca an umurce shi da yin sadaka, saboda gayyatar kaɗai. Ina ga wanda ya aikata?

Siffar caca a wurin malamai ita ce kowane ɓangare ya sa dukiyarsa a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, wanda ya dace ya kwashe na ɗan'uwansa ba tare da musayar komai ba. Wannan siffa ta cika a kan takardar yaron nan. Nazarin da ya yi bai sauya ta ba, kamar yadda sanin dawaki bai halatta cacar sukuwa ba. Idan wani ya ce ai shari'a ta yarda da gasa, sai mu ce haka ne. Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya ambaci halaccin tsere da dawaki da raƙuma da harbin kibiya, bisa sharuɗɗa. Wannan kyauta ce ga masu fafatawa da kansu, domin ƙarfafa abin da al'umma ke buƙata. Ba ta shafi ɗan kallo da ke zaune yana zuba kuɗi a kan gumin wasu ba. Wasan kansa motsa jiki ne, hukuncinsa dabam. Zuba kuɗi a kansa haramun ne, ƙanƙara ce ko ƙwallon ƙafa ko kokawa.

Game da azumi, caca ba ta karya shi kamar ci da sha, amma tana cinye ladansa, kuma wanda ya yi buɗa-baki da kuɗinta ya rufe ibada da haramun. Wanda ya tuba, ya daina nan take, ya goge abin daga wayarsa, ya rabu da majalisar da ake zancensa, kuma kada ya ce sai ya maido abin da ya rasa, domin garin neman gira ake rasa ido. Abin da ya rage a hannunsa na riba ya fitar da shi zuwa ga mabuƙata ko maslahar jama'a, da niyyar tsarkake kansa.

Ku kuma iyaye, ku sani likitoci suna lissafa jarabar caca cikin cututtuka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a jerinta. Alamunta su ne yawan bashi, da ɓatan kuɗi a gida, da kwana kan waya, da fushi marar dalili. Kada ku kore shi, kada ku yi masa baki. Ku zaunar da shi, ku yi masa lissafin nan da alƙalami, ku riƙe masa kuɗinsa na wani lokaci, ku nema masa sana'a. Haka na shawarci dattijon da ya kawo takardar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya wadata mu da halal ga barin haram, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.