Launin Wutar Murhun Gas da Abin da Yake Nufi

A gidajen haya na unguwar Akwatialine, inda ɗakuna ke jere kewaye da tsakar gida ɗaya, silindar gas ta samu wurin zama kusa da kurfoti. Da ita ake dama koko da asuba, da ita ake ɗumama miya da dare. Amma da yawa cikin masu girki da ita ba a taɓa zaunar da su an faɗa musu yadda take aiki ba, har ta kai wasu na ɗora dutse a kan regileta don ya danne gas mai yoyo.

Abin da ke cikin silinda ruwa ne, haɗin furofen da butan, wanda matsi ya hana shi zama iska. Idan aka buɗe, sai ya riƙa tashi ta sama. Shi ya sa ba a kwantar da silinda, ba a jijjiga ta, kuma ba a cika ta maƙil, domin ruwan yana ƙara yawa idan ya ji zafi. Aikin regileta shi ne rage ƙarfin gas ɗin kafin ya shiga tiyo. Daga tiyo sai ya fita ta wata 'yar ƙofa mai kamar kafar allura, saurin fitarsa ya janyo iska ta wani rami da ke ƙarƙashin kan murhun, su gauraya, sannan su kama.

Wannan iskar ita ce rabin aikin. Idan ta wadata, wuta takan fito shuɗiya, a tsaye, tana kewaye kan murhun daidai wa daida. Idan ta yi ƙaranci, wutar ta koma rawaya, tana lilo, gindin tukunya ya yi baƙi. Mai girki takan ɗauka gas ne mara kyau aka sayar mata, alhali galibi miya ce ta zuba ta toshe ramukan, ko ƙura, ko kyankyaso ya mutu a hanyar iska. A rufe regileta, a bar murhu ya huce, a cire kan a wanke da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. 'Yar ƙofar gas kuwa kada a kuskura a soka mata ƙusa, domin idan ta faɗaɗa gas zai rinjayi iska, sai dai a sayi sabuwa. A lokacin hunturu akan ga ɗan tartsatsi ja-ja yana gilmawa cikin shuɗiyar wuta. Wannan ƙura ce take ƙonewa, ba lalacewa ba ce.

Rawayar wuta ba tukunya kaɗai take ɓatawa ba. Tana iya fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki. Takan fara da ciwon kai da jiri da kasala. 'Yan'uwanmu da ke Amurka da Jamus sun san na'urar ɗumama ɗaki ta gas da ake kafawa a bango: tana da bututun da ke kai hayaƙi waje, da wani ɗan ƙarfe da ke tsayar da gas da zarar wuta ta mutu. Yawancin murhunanmu na kan tebur ba su da ko ɗaya. Taga da ƙofa su ne mafitar hayaƙinmu, don haka duk sanyin Janairu kada a rufe ɗaki a kunna murhu ko kurfoti don jin ɗumi.

Sai batun yoyo. Warin da ake ji da gangan ake zuba shi a gas don hanci ya gane. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin gado da kwata. A shafa kumfar sabulu a bakin silinda da mahaɗan tiyo. Inda ta kumbura, nan ne. Sau tari 'yar robar da ke bakin silinda ce ta cinye, ko tiyo ya tsage. Dutse ba ya gyara ko ɗaya, ɓoye matsalar kawai yake yi, kuma a unguwar da ke da 'yan katako da ɗakuna manne da juna, sakacin gida ɗaya kan shafi layi guda.

Bayan fashewar gidan gas na Atomic Junction a Accra ranar 7 ga Oktoba, 2017, wadda ta kashe aƙalla mutum 7, gwamnati ta amince da tsarin musayar silinda a ƙarƙashin hukumar kula da harkar man fetur ta NPA, domin a riƙa duba su kafin a cika. Tsari ne mai kyau, amma regileta da tiyo da kan murhu suna nan a hannun mai gida.

Idan kin ji warin gas, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki. Rufe regileta, buɗe ƙofa da taga, fitar da yara, kuma idan warin ya ƙi tafiya, ki kira 'yan kwana-kwana daga waje a lamba 192 ko 112.